Hayar istiraha a gabashin Jidda domin taron abokan sana'ar da suka san juna ta waya

Istiraha gida ne da mutanen Saudiyya ke ginawa a bayan gari domin bayar da haya ta yini ɗaya ko ta dare ɗaya, mai doguwar katanga da faffaɗar tsakar gida, da ɗakin zaman maza da na mata, da madafa, wani lokaci har da wurin ninƙaya na yara. Galibi ana kama ta ne domin walimar suna, ko taron dangi a ranakun Idi, ko hirar abokai ta ƙarshen mako. Wadda zan yi bayani a kanta tana yankin Harazat a gabashin Jidda, ta ɓangaren hanyar Makka, kuma mun kama ta ne domin mu haɗa mutanen da suka daɗe suna hulɗar sana'a a zauren WhatsApp alhali yawancinsu ba su taɓa yin musabaha da juna ba. Ba zan faɗi sunan wurin ko na mai shi ba, domin a cikin abin da zan rubuta akwai yabo akwai kuma ƙorafi, ga shi irinta suna da yawa a yankin, ta yadda abin da na gani zai amfani duk mai niyyar kama wata domin irin wannan buƙata.

Zauren namu ya tara Hausawa masu sana'o'in da ke cuɗanya da juna. Akwai masu kama wa 'yan Umara masauki a Makka da Madina, akwai masu awon kaya zuwa Kano da Yamai ta jirgin sama ko ta tashar jiragen ruwa ta Jidda, akwai dillalan dabino da jallabiya da turare, akwai masu tafinta a asibitoci, sannan akwai ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da na Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka waɗanda ake neman taimakonsu wajen fassara. Wasu haifaffun Hijaz ne, jikokin mutanen da suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, kuma Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Wasu sun zo daga Najeriya da Nijar da Ghana a shekarun baya-bayan nan, wasu kuma Hausawan Sudan ne daga Mai Wurno da Gadarif, waɗanda muka ga ƙaruwarsu a zauren bayan ɓarkewar yaƙi a can a watan Afrilun 2023. Kuɗi masu kauri suna wucewa tsakanin waɗannan mutane bisa saƙon murya da hoton rasit kawai, kuma mafi yawan lokuta ana rabuwa lafiya, amma duk wanda ya daɗe a cikinmu ya san cewa amanar waya tana da iyaka: mutum zai aiko maka da kwali goma na dabino bashi, amma ba zai saki kwantena guda a hannunka ba sai ya ga idonka, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara idan magana ta lalace.

A da ba a cika buƙatar kama wuri domin wannan ba. Wanda ya shiga tsofaffin unguwannin kudanci da tsakiyar Jidda, irin su Gulail da Bitrumin da Sabil da Kandara, zai iya cin karo da rabin mutanen da yake nema a wajen mai tsire ko a ƙofar masallaci bayan Magariba. Rusau ɗin da hukuma ta fara a ƙarshen 2021, ta ci gaba da shi cikin 2022, ya tashi unguwanni da dama, jama'a suka warwatsu zuwa sassan gari masu nisa da juna, wasu ma suka bar Jidda gaba ɗaya. Tun daga nan haɗuwar da ake yi ba tare da shiri ba ta koma abin da sai an sa rana, an nemi wuri, an kuma haɗa kuɗi.

Mun duba zauren taro na otal, mun kuma duba shagunan shan gahawa da suka cika Jidda yanzu, kafin mu tsaya a kan istiraha. Shagon gahawa ya dace da mutum biyu ko uku masu son yin magana ta awa ɗaya, amma dattawanmu ba sa sakewa a cikinsa, kuma ba a tattauna bashi da farashi a inda teburin kusa ke jin kome. Zauren otal yana da tsada, musamman idan aka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake caja tun watan Yulin 2020, amma abin da ya fi hana mu shi ne tsarin zamansa, inda ake jera kujeru suna fuskantar mumbari, kowa yana kallon ƙeyar na gabansa, mutum ɗaya yana magana saura suna duba waya. Mu kuwa mun gaji da sauraron mai magana ɗaya, domin abin da muke yi ke nan kullum a zauren WhatsApp. Dalilin zaɓar Jidda maimakon Makka shi ne akwai 'yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa daga Jos da kudancin Kaduna, ma'aikatan asibiti, waɗanda doka ba ta ba su izinin shiga Makka ba, kuma da su ake yawancin hidimar marasa lafiyar da ke zuwa daga gida.

Ana samun tallan istirahohi a manhajoji irin su Gathern da Haraj, amma tamu wani ɗan zauren ne haifaffen Jidda ya haɗa mu da mai ita. A wajen ciniki ba ni da abin zargi. Mutumin yana amsa saƙo a kan lokaci, ya aiko da bidiyon kowane ɗaki, ya kuma faɗi sharuɗɗansa tun farko ba tare da ɓoye-ɓoye ba: a shiga bayan La'asar, a fita kafin Asuba, a ba da kafin alƙalami domin a tsare ranar, sannan a ajiye wani kuɗi na jingina wanda za a mayar idan ba a ɓata kome ba. Mun kama daren Alhamis, wanda ya fi tsakiyar mako tsada, domin tun 2013 hutun mako a ƙasar ya koma Juma'a da Asabar, kuma abin da muka biya ya ɗan haura riyal 1,000 ban da jinginar. Inda maganarsa ta zarce gaskiya shi ne yawan mutanen da ɗakin maza ke ɗauka. Ya ce arba'in, amma idan ana son kowa ya jingina bayansa da bango ya miƙe ƙafa, talatin ne iyakarsa, kuma kyamarar da aka ɗauki bidiyon da ita irin mai faɗaɗa wuri ce. Wanda zai kama wuri irin wannan ya aika mutum ya gani da idonsa da rana tsaka, ya kunna kowace na'urar sanyaya ɗaki, ya buɗe kowane famfo.

Hanya ita ce babbar matsalar wurin, kuma ba ƙarama ba ce. Jidda ba ta da jirgin ƙasa na cikin gari irin wanda aka buɗe a Riyad a ƙarshen 2024, saboda haka wanda ba shi da mota sai tasi. Baƙinmu na Madina sun zo cikin sauƙi da jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, ya sauke su a tashar Sulaimaniyya cikin ƙasa da awa biyu, amma daga nan zuwa ƙofar istirahar sai da aka yi ta kiraye-kirayen waya. Ƙarshen hanyar ba kwalta ba fitila, katangun duk kamarsu ɗaya, kuma alamar taswirar da aka aiko mana tana tsayawa ne a ƙofar maƙwabci, wanda a daren yake nasa bikin. Dawowa ta fi zuwa wuya, domin bayan sha biyun dare direbobin manhaja ba sa son shiga lungun, sai da masu motoci suka yi ta jigilar 'yan'uwa zuwa bakin titi. Wanda zai shirya taro a wannan yanki tsakanin Nuwamba da Janairu ya kuma duba hasashen yanayi, domin gabashin Jidda mashigar ruwa ce, kuma ambaliyar watan Nuwamban 2009, wadda ta kashe mutum fiye da ɗari, a wannan ɓangare na gari ta fi yin ɓarna.

Duk da haka, da zarar an shiga ɗakin zaman sai mutum ya gane dalilin da ya sa ake jure wa hanyar. Ɗaki ne mai tsawo, an shimfiɗe shi da jan kafet, an kewaye bangonsa uku da katifun zama na ƙasa da matasai masu tauri waɗanda ake dafawa da gwiwar hannu. Babu kujerar shugaba, babu tebur a tsakiya, kuma duk inda mutum ya zauna yana ganin fuskar kowa. Wannan tsari ya yi mana aikin da mai gabatarwa ba zai iya ba. Duk wanda ya shigo sai ya bi layi daga dama yana musabaha yana faɗin sunansa, kuma sau da yawa kafin ya rufe baki sai wani daga can ƙarshen ɗaki ya ce ya gane muryar, ya ambaci sunan da yake amfani da shi a zauren, a fashe da dariya. Mai gadin wurin, wani Basudane mai natsuwa, ya riga ya kunna turaren wuta ya kuma dafa gahawa, sai samarinmu suka karɓi aikin zubawa bisa al'adar ƙasar, dalla, wato butar gahawa, a hagu, finjali a dama, ana farawa daga babba, ana ƙara wa mutum har sai ya girgiza finjalinsa alamar ya isa. Zagayen gahawar nan ya ba kowa damar duban na kusa da shi a tsanake, ya tambaye shi gida da iyali da garin da iyayensa suka fito, tun kafin a taɓo zancen kasuwa.

Abu na farko da zaman ya gyara shi ne sanin babba da yaro, wanda waya ta ɓatar mana. A zauren WhatsApp kowa ɗan hoto ne da lamba, kuma wasu ma hoton Ka'aba ko na 'ya'yansu suke sawa, saboda haka matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yakan yi wa wanda ya haifi ubansa gardama da kakkausar murya ba tare da ya sani ba. Akwai wani saurayi mai awon kaya da ya shahara a zauren da saurin mayar da magana, musamman ga wani mai kama masauki a Makka wanda yake kira da abokina. Da ya zo kan wani dattijo mai farin gemu da ke zaune kusa da ƙofa riƙe da sanda, dattijon ya faɗi sunansa, sai saurayin ya saki hannunsa ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ashe ku ne? Ku gafarce ni, wallahi na ɗauka sa'ana ne." Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tashi, ɗana, ai waya ba ta nuna furfura. Zauna nan kusa da ni, dama ina son in tambaye ka kuɗin kilo zuwa Kano." Tun daga ranar salon maganar yaron a zauren ya sauya, kuma na lura cewa dattijon ya fara tura masa alhazansa masu kaya.

Tsakar gidan ita ma ta taka rawa. An shimfiɗa mata ciyawar roba, akwai tanti irin na Larabawa a gefe ɗaya da murhun gashi a ɗaya gefen, kuma faɗinta ya isa a yi sahu uku na salla. Mun yi Magariba da Isha'i a nan, wani ɗalibi daga Madina ya ja mu, kuma ina ganin tsayuwa kafaɗa da kafaɗa da mutumin da kake binsa kuɗi tana rage kaifin maganar da za ta biyo baya. Wurin alwala yana da famfuna isassu, ruwan yana zuwa da ƙarfi, an kuma ajiye dardumai masu tsabta. Bayan salla tantin ya zama wurin keɓewa, inda mutum biyu ko uku ke janyewa su yi maganar da ba ta kowa da kowa ba ce, su dawo cikin jama'a ba tare da wani ya lura ba. Zauren otal ba ya ba da wannan dama, domin fita daga cikinsa a tsakiyar jawabi kowa zai gani.

A cikin tantin ne aka warware wata rigima da ta daɗe tana dagula zauren. Wani dillali da ke sayen dabino a kasuwar dabino ta Madina ya aika wa wani mai awo a Jidda kwalayen Ajwa da Safawi domin a kai Kano, kayan suka isa, mai karɓa ya ce lissafi bai cika ba. An yi ta musayar saƙonnin murya masu zafi, kowane ɓangare yana tura hotuna, jama'a suka rabu gida biyu. A daren taron aka zaunar da su gaban dattawa biyu, mai awo ya fito da littafinsa na takarda mai bangon shuɗi, dillali ya buɗe rasit ɗinsa a waya, aka bi layi bayan layi da yatsa a ƙarƙashin fitilar tantin. Sai ta bayyana cewa dillali yana ƙirga kwali ne, shi kuwa mai awo yana ƙirga kilo bayan ya juye wasu ƙananan kwalaye a cikin manya domin rage kuɗin jirgi, kuma ya faɗi haka a wani saƙon murya mai tsawon minti huɗu wanda dillalin bai saurara har ƙarshe ba. Dabino bai ɓata ba ko ƙwaya ɗaya. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne duk hujjojin nan suna cikin wayoyinsu tun farko, amma babu wanda ya iya sauraron ɗan'uwansa sai da aka zauna gwiwa da gwiwa, ga manya suna kallo. Dillalin ya ce, "Alhaji, na zalunce ka da zato," shi kuwa ya amsa da cewa ya yafe duniya da lahira, amma daga yau a riƙa rubuta lissafi da lambobi, a bar dogon surutu.

Istirahar ba ta dafa abinci, wuri kawai take bayarwa, kuma wannan ya zo mana daidai. Mun yi odar mandi, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, na rago Sawakini, irin wanda ake shigowa da shi daga Sudan, daga wani gidan dafa abinci da ke bakin babban titi, aka kawo shi da zafinsa a manyan farantai. Hajiyoyi suka zo da masa da miyar taushe da zoɓo, wani ɗan Makka kuma ya tsaya a kan murhun gashin yana juya tsire har dare ya raba. Madafar wurin matsakaiciya ce: firij ɗin yana sanyi sosai, amma biyu ne kawai daga cikin kawunan murhun gas ke kamawa, kuma babu wuƙa ko ɗaya mai kaifi. Masu shirya taron sun yi dabarar da nake ba kowa shawarar ya kwaikwaya, wato sun hana 'yan gari ɗaya ko 'yan sana'a ɗaya su haɗu a faranti guda. Sai ga mai tafinta daga asibiti, da dillalin riɗi ɗan Gadarif, da ɗalibin Ummul Ƙura, da haifaffen Jidda mai gyara Hausarsa da Larabci, duk hannunsu a shinkafa ɗaya, babba yana yagar nama yana turawa gaban yaro. Yawancin hulɗoɗin da na ji an ƙulla bayan taron sun faro ne daga waɗannan farantai.

Ɓangaren mata ne ya fi ba ni kunya a madadin mai wurin. Wasu daga cikin manyan 'yan kasuwar zauren mata ne, masu safarar abaya da gwal da turare, kuma da yawansu da kansu suka tuƙo motocinsu, abin da doka ta halatta tun watan Yunin 2018. Ɗakin da aka ware musu bai kai rabin na maza ba, na'urar sanyayawarsa tana ƙara kamar za ta faɗo, sakatar banɗakin ta karye, kuma babu lasifikar da ke kai musu abin da ake faɗa a ɗakin maza. Wata Hajiya da ta girme ni ta aiko a kira ni bakin ƙofa, ta ce, "Malam, kuɗinmu da naku ɗaya ne, amma an ajiye mu kamar kayan da aka manta a tasha." Gaskiya ta faɗa. Mai gadin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kawo fanka ya kuma ɗaure ƙofar banɗakin da waya, amma gyaran ya fi ƙarfinsa. Mafitar da aka samu ita ce bayan Isha'i aka fito da kujerun roba tsakar gida, mata a gefe ɗaya maza a ɗaya gefen da tazara a tsakani, aka yi zaman gabatar da kai da tattauna matsalolin awon kaya a fili. Da an yi taron a lokacin zafi, lokacin da iskar Jidda ke da ɗumi da laima har cikin dare, da wannan mafita ba ta yiwu ba, kuma da Hajiyoyin sun koma gida ba su ga waɗanda suka zo gani ba.

Game da intanet da majigi ba sai na tsawaita ba. Babu intanet na gidan, layin waya yana rauni a cikin ɗaki saboda kaurin bango, talabijin ɗin da ke rataye kuma tsoho ne wanda ba ya haɗuwa da kwamfuta. Yunƙurin da aka yi na haɗa 'yan zauren da ke Riyad da Dammam ta bidiyo bai yi nasara ba. Wanda taronsa ya dogara da nuna allo ya nemi wani wuri. Mu dai rashin ya sa wayoyi sun koma aljihu da wuri, ban kuma ji wanda ya yi kuka da haka ba.

Akwai batun doka da ya wajaba mai shirya irin wannan zama ya kiyaye, kuma a nan mai istirahar ya nuna ya san aikinsa. Ya nemi a rubuta hayar da sunan mutum ɗaya mai katin ɗan ƙasa ko iƙama mai rai, wato katin izinin zama na baƙo, ya kuma tambaya ƙarara ko za a sayar da tikiti ko a yi talla, domin taron kasuwanci na jama'a yana buƙatar lasisi, saɓanin walimar abokai. Mun kuma ja kunnen juna a kan abubuwa uku. Tara gudummawa daga jama'a ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a ƙasar, saboda haka kuɗin da aka haɗa na haya da abinci ne kawai, an kuma karanta lissafinsa a gaban kowa. Ɗaukar hoton mutum da waya a yaɗa ba da yardarsa ba yana iya shiga ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 a kan keta sirrin mutane, don haka hoto ɗaya aka ɗauka, na waɗanda suka amince kaɗai. Na ukun ya fi muhimmanci ga masu ƙulla haɗin gwiwa: abin da ake kira tasattur, wato baƙo ya gudanar da kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wani ɗan'uwa haifaffen Makka da ya san harkar rajista ya ɗauki lokaci yana bayyana wannan, domin daɗin haɗuwa yakan sa mutane su yi alkawuran da ba su auna ba, kuma na ga fuskoki biyu ko uku sun canza a lokacin da yake magana.

Idan aka raba kuɗin haya da na abinci a kan mahalarta, abin da ya hau kan kowa bai wuce kuɗin cin abincin dare a matsakaicin gidan abinci ba, ga shi an samu wuri daga La'asar har tsakar dare ba mai korar kowa. Wannan tsawon lokaci shi ne ainihin abin da ake saye a istiraha, domin Bahaushe ba ya shiga maganar kuɗi da wanda ya fara gani sai an gaisa, an ci, an yi salla, an gano cewa kakar wannan da kakan wancan 'yan gari ɗaya ne. A ganina wurin ya dace da taron mutum ashirin zuwa talatin da biyar waɗanda yawancinsu ke da mota ko aka shirya musu jigila. Bai dace da ganawar farko tsakanin mutum biyu da ba su da wanda ya san su duka ba, domin keɓantaccen wuri ne a bayan gari, kuma irin wannan ganawa gara a yi ta a bainar jama'a. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyin hunturu, a kuma kauce wa goman ƙarshe na Ramadan da makonnin aikin Hajji, lokacin da masu masauki da masu tafinta da masu awo ba sa samun ko barcin kirki.

Wajen fita mai gadin ya zagaya da mu ɗaki bayan ɗaki. Ya nuna wata ƙuna a kafet kusa da kaskon turare, amma da yake mun ɗauki bidiyon wurin tare da shi a lokacin shiga, sai aka duba aka ga tsohuwa ce, magana ta mutu a nan. Washegari bayan sallar Juma'a mai istirahar ya mayar da kuɗin jinginar ta banki, ya cire ɗan abin da aka yi yarjejeniya na shara. Mun rubuta masa abubuwan da muke so a gyara kafin mu sake kamawa, wato na'urar sanyaya ɗakin mata da sakatar banɗakinsu, da lasifika mai haɗa ɗakunan biyu, da fitila mai lamba a bakin ƙofa, da gyara alamar taswira. Ya amince da gyaran ɗakin mata da fitilar da taswirar, ya ce lasifika sai dai mu zo da tamu, batun kwalta kuma ya ce na hukumar gari ne, ba ya hannunsa. 'Yan Madina sun nemi a kai zama na gaba wajensu, a wata gonar dabino da ake bayarwa haya, kuma Hajiyoyin sun sa sharaɗin cewa biyu daga cikinsu ne za su je su duba wurin kafin a ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami.